In an ƙiyasta maka haraji fiye da ƙima, kana da kwana 30

Jiya a majalisarmu ta Tudun Wada wani ɗan'uwa malamin makaranta ya nuna min takardar albashinsa, harajin da ake cire masa ya wuce ƙa'ida, wata biyar kenan yana ta ƙorafi da baki wajen akanta, ko takarda ɗaya bai rubuta ba. Abin ya dame ni wallahi.

Ga yadda abin yake. PAYE, wato harajin albashi da ake cirewa duk wata, kuɗin jihar da kake zaune ne, wato mu na Zariya hukumar tara haraji ta jihar Kaduna, KADIRS, ce ke karɓa, ko da kuwa a Kano kake aiki kana dawowa gida. Sabuwar dokar haraji da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, kuma ta ce naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai, miliyan 2.2 da ke biye ne ake ɗaukar kashi 15 cikin ɗari. To mai dubu ɗari a wata, abin da za a taɓa 400,000 ne kawai, kenan 5,000 a wata, shi ma kafin a cire kuɗin fansho da rangwamen haya fa. Wannan rangwamen mutane da yawa ba su nema, kashi 20 ne na hayar da kake biya a shekara, iyakarsa 500,000, amma sai ka bayyana, don haka ka riƙa karɓar rasit wajen mai gida ko da amininka ne.

In hukuma ta aiko maka da takardar ƙiyasin haraji ba ka yarda ba, kwana 30 gare ka ka rubuta ƙin amincewa, ka faɗi dalili da adadin da kake ganin shi ne daidai. A rubuce, don Allah, a buga maka hatimi a kwafinka da kwanan wata. In ka bari kwanakin suka wuce ƙiyasin ya zauna, ko da kai ke da gaskiya. Su ma an ɗaure su, kwana 90 ne su ba ka amsa, in suka yi shiru doka ta ɗauka an karɓi ƙorafinka. In suka ƙi, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma nan Kaduna, ita ma cikin kwana 30.

Batun maido da kuɗi kuwa, fara da wurin aikinka su gyara lissafi, in sun riga sun tura wa hukuma sai ka rubuta mata da takardun albashinka duka, za ta bincika sannan ta biya ka ko ta rage maka a harajin gaba. Kuma ka tabbatar abin da aka cire ya isa can, don wajibi ne mai aiki ya tura kafin 10 ga watan da ke biye, wasu suna cirewa su riƙe, sai ranar da ka je neman takardar shaidar biyan haraji ka tarar babu sunanka.