Bajamushe a Cikin Alƙaluma: Tambayoyi da Amsoshi

Mu nan idan aka ambaci albashin Jamus, nan da nan sai mutum ya ɗauko waya ya juya yuro zuwa naira, ya ce waɗannan sun haye. Alƙaluman da Jamusawa ke fitarwa a kan kansu suna nuna wani abu daban.

Wa ke tattara alƙaluman nan?

Hukumar ƙididdiga ta tarayya, Destatis, mai hedikwata a birnin Wiesbaden. Tun 1957 take zaɓar gida ɗaya cikin kowane ɗari duk shekara, ta yi masa tambayoyi kan aiki, kuɗin shiga da wurin zama, kuma doka ta wajabta amsa yawancinsu. Ƙidayar 2022 ta sami mutum miliyan 82.7.

Mutum nawa ne a gida ɗaya?

Biyu, idan aka raba daidai. Kusan kashi 41 cikin ɗari na gidajen ƙasar mutum ɗaya ne kacal a ciki, a Berlin kuwa abin ya kai wajen rabi. Akwai ɗalibai da waɗanda aurensu ya mutu, amma da yawa tsofaffi ne, musamman matan da mazansu suka rasu. Tsohuwa mai shekara tamanin za ta ja 'yar jakarta mai taya zuwa kanti, ta dawo ta dafa abincinta ita kaɗai, ɗanta na wani gari yana bugo waya ranar Lahadi. Su a wurinsu wannan ba abin kunya ba ne.

To ai kowa na da gidan kansa ko?

A nan ne lissafin mutane ke ɓacewa. Fiye da rabin mazauna Jamus 'yan haya ne, kuma duk cikin Tarayyar Turai babu ƙasar da masu gidan kansu suka yi ƙaranci kamar ta. Bayan yaƙin duniya na biyu birane sun zama kufai, sai gwamnati ta zuba kuɗi a ginin gidajen haya. Doka kuma tana bayan ɗan haya: mai gida ba ya korarsa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ƙarin kuɗin haya ma yana da iyaka. Sayen gida kuwa, harajin cinikin kaɗai ya kama daga kashi 3.5 zuwa 6.5 na farashin, gwargwadon jiha. Shi ya sa za ka ga likita ko malamin jami'a ya shekara talatin a haya hankalinsa kwance. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne, sau da yawa ana ba da gidan ne kicin ɗinsa wayam, ba murhu ba wurin wanke-wanke. Wanda ya tashi ya kwance nasa ya tafi da shi.

Ina albashin nan mai tsoka yake tafiya?

Mafi ƙarancin albashi na doka ya fara ne a 2015 da yuro 8.50 a awa, ya kai 12.82 a 2025. A wannan lissafi na 2025, mai aikin awa 40 a mako zai ga kimanin yuro 2,200 a wata a takarda. A takarda na ce. Kafin kuɗin ya shiga asusu an zare na fansho, kashi 9.3, da inshorar lafiya, da ta rashin aiki, da ta kula da gajiyayyu, waɗanda gaba ɗaya suke cin wajen kashi ɗaya cikin biyar. Sannan haraji. Mai rajista da coci yana ƙara kashi 8 ko 9 na harajinsa. Kowane gida kuma yana biyan yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin, ko yana kallo ko ba ya kallo. Sai haya ta zo ta ɗauki rabonta, wanda a gari irin Munich ba ƙarami ba ne. Amma a yi adalci: wanda aka zare wa waɗannan kuɗaɗe, ranar da ciwo ya kwantar da shi ba ya sayar da kadara don a yi masa aiki a asibiti.

Akwai talaka a Jamus kuwa?

Akwai, sai dai ma'aunin nasu daban ne. Duk wanda kuɗin shigarsa bai kai kashi 60 cikin ɗari na abin da matsakaicin mutum ke samu ba, ana lissafa shi cikin masu fuskantar talauci, kuma sun kai kusan mutum ɗaya cikin shida ko bakwai. Ba yunwa ke kashe su ba. Amma a tashar jirgin ƙasa za ka ga dattijo tsaf da shi yana leƙa kwandon shara, yana neman gorar roba da kanti zai ba shi santi 25, wato kwatan yuro, a kanta. Ƙungiyoyin Tafel, da suka fara a Berlin a 1993, suna raba ragowar abincin kantuna, yanzu rassansu sun haura 900.

Me ya sa suke ta neman ma'aikata daga waje?

Tun 1972 babu shekarar da haihuwa ta kai yawan mutuwa. A 2024 haihuwar mace ɗaya ta tsaya a 1.35, duk da gwamnati na biyan iyaye kuɗin yaro, yuro 255 kowane wata a 2025. Tsofaffi na ƙaruwa, ma'aikatan da ke ɗaukar nauyin fanshon kowane tsoho ɗaya na raguwa, har ana ɗaga shekarun ritaya zuwa 67. Neman hannu daga waje ba yau aka fara ba: a 1961 suka ƙulla yarjejeniya da Turkiyya. Yau fiye da mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar, ko shi ko ɗaya daga iyayensa ba da takardar zama ɗan Jamus aka haife su ba.