Rumbunan ajiyar abinci da kayan agaji a Jamhuriyar Nijar

Ajiyar abinci a Jamhuriyar Nijar hawa-hawa ce: akwai rumbun manomi a gida, akwai bankunan cimaka na ƙauyuka, akwai manyan sito na gwamnati da ma'aikatar cimakar ƙasa ta OPVN ke kula da su, sannan ga ma'ajiyoyin ƙungiyoyin agaji, musamman Shirin Samar da Abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya wanda a Nijar aka fi sani da PAM. Abubuwa biyu ne suka sa maganar ajiya ta fi nauyi a ƙasar. Na farko, damina ɗaya ce a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, don haka abin da aka girbe a kaka shi zai riƙe gida har wata kakar. Na biyu, ƙasar ba ta da teku. Tashar jiragen ruwa ta Kwatano tana da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Yamai, daga Yamai zuwa Diffa kuma akwai wasu kilomita 1,300 da ɗoriya. Hatsin da ba a ajiye shi kusa da mabuƙata kafin ruwa ya sauka ba, sau da yawa sai bayan an sha wuya yake isa.

Rumbun gida

Mafi yawan abincin ƙasar ba ya shiga sito ko kaɗan. A shekara mai albarka Nijar na noma hatsi tan miliyan 5 zuwa 6, galibi gero da dawa, kuma kusan dukkansa a rumbunan manoma da shagunan 'yan kasuwa yake kwana. A ƙasar Adar da Maraɗi da Damagaram ana gina rumbun ƙasa a kan duwatsu don kada danshi da gara su same shi, a rufa masa jinka. A wasu wurare na kara da zana ake yi. Gero da damminsa ake zuba shi, ba a sussuke ba, domin a kan zangarniya ya fi jure wa ƙwari, kuma a rumbu mai kyau yakan yi shekaru bai lalace ba. A da, magidancin da ya isa yakan ci tsohon gero yana ajiye sabo. Yawan jama'a da ƙarancin gona da buƙatar kuɗi a kaka sun kashe wannan al'ada a gidaje da yawa, har ya zama rumbun talaka yana yin ƙasa tun kafin shuka.

Yadda gwamnati ta shigo

Bayan yunwar 1931 da ta yi ɓarna a yammacin ƙasar, Turawan mulkin mallaka na Faransa sun matsa wa ƙauyuka su riƙa zuba gero a rumbunan tanadi na dole. Manoma sun ƙi jinin tsarin, don ba su da iko da hatsin da suka noma da hannunsu. Bayan samun 'yancin kai aka kafa OPVN a 1970, aka ɗora mata sayen hatsi da ajiyarsa da daidaita farashi. Ba ta daɗe ba farin 1973 zuwa 1974 ya auko. Kayan agaji sun yi ta taruwa a tashoshin ruwa da cikin sito alhali mutane na mutuwa a karkara, kuma zargin karkatar da abincin agaji yana cikin dalilan da hafsan soja Seyni Kountché ya kafa hujja da su lokacin da ya hamɓarar da shugaba Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Tun daga nan kowace gwamnati ta san cewa maganar sito maganar mulki ce.

A shekarun 1980, da aka shiga gyaran tattalin arziki bisa sharuɗɗan masu ba da bashi, an janye OPVN daga daidaita farashi, aka bar mata kula da ajiyar tsaro da kayan tallafi. A 1998 gwamnati da ƙasashe masu taimako suka kafa tsarin haɗin gwiwa na rigakafi da magance matsalar abinci, ƙarƙashin ofishin firaminista. Ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi a wannan tsari shi ne tan 110,000: tan 80,000 na hatsi a cikin sito, da kuɗin da za su sayi tan 30,000 a ajiye a asusu. Ba a buɗe wannan ajiya sai da amincewar ɓangarorin biyu.

Lissafi mai sauƙi yana nuna iyakar wannan adadi. Idan aka ba mutum giram 400 na hatsi a rana, wato kilo 12 a wata, tan 80,000 za su ciyar da mutum miliyan 2 da 'yan kai na wata uku. A daminar 2022 an ƙiyasta mutum miliyan 4.4 ne ke cikin matsananciyar buƙatar abinci. Ajiyar ƙasa, ko da ta cika maƙil, ba a yi ta don ta ɗauke yunwar shekara ba. Aikinta ta riƙe jama'a kafin hatsin da aka yi odarsa daga waje ya iso, abin da kan ɗauki watanni.

Shekarar 2005

A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta ci amfanin gona a wasu yankuna. Giɓin hatsin da aka bayyana kimanin tan 223,000 ne, wanda ba shi ne mafi muni a tarihin ƙasar ba. Amma gine-ginen OPVN suna nan tsaye, hatsin da ke cikinsu kuwa bai kai ko kusa da ma'aunin da aka tsara ba, saboda an ɗiba a shekarun baya ba a mayar ba. Da aka tashi saye, kasuwar yankin ta riga ta yi tsada: farashi ya hau a arewacin Najeriya, hatsi na fita ta Maraɗi zuwa Katsina da kasuwar Dawanau ta Kano maimakon ya shigo, wasu maƙwabta kuma sun hana fitar da nasu. Farashin buhun gero ya ninka. Gwamnatin Tandja Mamadou ta fara da sayar da hatsi a farashi mai rahusa, rabon kyauta na gama-gari kuwa sai wajen Agusta aka soma shi, a tsakiyar damina, lokacin da hanyoyin ƙauyuka suka jiƙe. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara, akasarinsu a jihar Maraɗi, wadda ita ce ake yi wa kallon rumbun ƙasar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da 2005 ta tona shi ne, girman sito ba ya nuna ƙarfin ajiya. Gini shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke da wuya shi ne a samu kuɗi a hannu a watannin Oktoba zuwa Disamba, lokacin da hatsi ke da araha, a saya, a raba shi a jihohi takwas tun hanya na bushe. Idan kuɗin suka makara zuwa bazara, gwamnati kan sayi kaɗan da tsada, sayen nata kuma ya ƙara tayar da farashi a kan talakan da ake son taimako.

Aikin cikin sito

Sito mai kyau ana gane shi daga ƙofa. Buhuna ba sa taɓa ƙasa, a kan katako ake jera su, ana sarƙa su layi bisa layi don kada tulin ya rufta. Ana barin tazarar kusan mita ɗaya tsakanin tuli da bango, yadda mai kula zai zagaya ya ƙirga, ya ga inda ɓera ya huda ko inda rufi ke yoyo. Kowane tuli da katinsa: ranar shigowa, yawan buhu, abin da ya fita. Wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Hatsin da za a daɗe da shi sai danshinsa bai wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100 ba, kuma a nan busasshiyar iskar Sahel tana taimakawa ƙwarai. Zafi ne abokin gaba. Ƙwari na hayayyafa da sauri, don haka lokaci-lokaci ake lulluɓe tuli da tamfol, a danne gefensa da buhunan yashi, a sa ƙwayar magani mai fitar da iskar guba, a bar shi kwanaki a rufe. Wannan aikin ƙwararru ne, don iskar na kashe mutum.

Ko da an yi duk wannan, sussukakken gero ba ya zama har abada. Dole kowace shekara a fitar da wani kaso a maye gurbinsa da sabo. Sayarwar rahusa da ake yi a lokacin da abinci ya yi wuya, wadda shekaru da dama aka tsayar da ita a kan sefa 13,000 buhu mai kilo 100, ana auna wa mutane da tiya, tana cikin hanyoyin wannan juyi.

Kayan agaji na musamman sun fi hatsi laulayi. Man girki da garin kunun yara da abincin gyaɗa na masu tamowa, irin Plumpy'Nut, suna da wa'adi, kuma zafin da ya wuce digiri 40 a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu yana rage musu kwana. Tun 2005 wani kamfani a Yamai, STA, yake sarrafa wannan abincin gyaɗa a cikin gida, abin da ya rage jiran jirgin ruwa. Inda babu gini, kamar sansanonin 'yan gudun hijira a Diffa da Tilaberi, ana kafa manyan tantuna masu ƙashin ƙarfe waɗanda kowanne ke ɗaukar tan ɗari uku zuwa biyar, a harhaɗa su cikin 'yan kwanaki.

Hanya

Ƙasar ba ta da jirgin ƙasa mai aiki, komai a bayan babbar mota yake tafiya. Tan 80,000 lodin mota 2,000 ne idan kowace ta ɗauki tan 40. Shekara da shekaru babbar hanyar shigowa ita ce ta Kwatano zuwa gadar Malanbil da Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyakokin Benin da Najeriya, dubban tan na abinci da magungunan agaji suka maƙale a hanya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren iyakar Benin, sai kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, hanya mai nisa da tsada da haɗari. Tsofaffi a gabashin ƙasar sun san irin wannan: yunwar 1984 suna kiranta El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin sojan Najeriya ta Janar Buhari ta yi.

CEDEAO ta kafa ajiyar abinci ta yanki a 2013, kuma wani ɓangare na hatsinta a sito na OPVN aka ajiye shi. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso.

Ajiyar ƙauye

Bankunan cimaka sun yaɗu bayan farin shekarun 1970 da 1980: ƙauye ya sayi hatsi a kaka, ya sayar wa mutanensa a damina da riba kaɗan. An gina dubbai, da yawa kuma sun mutu, yawanci saboda bashin da ba a biya ba ko shekarar da farashi bai tashi ba, jari ya narke.

Tsarin jinginar hatsi, wanda wani aikin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ya yaɗa tun daga 1999, ya fi tsayuwa da ƙafarsa. Manomi yakan kai buhunansa ɗakin ajiyar ƙungiya, a rubuta sunansa a jiki, asusun bashi ya ba shi rancen da bai kai darajar hatsin ba. Ƙofar kwado biyu gare ta: makulli ɗaya a hannun ƙungiyar manoma, ɗaya a hannun masu bashi, ba mai buɗewa shi kaɗai. Bayan wata biyar ko shida ya biya, ya kwashi hatsinsa daidai lokacin da ya yi daraja ko gida ke buƙatarsa.

Ga wake kuwa, wanda Nijar ke cikin manyan masu nomansa a duniya bayan Najeriya, buhun PICS mai ruɓi uku ya kawo sauyi tun 2007. Leda biyu masu kauri ne a ciki da buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Iska ta ƙare, ƙwarin su mutu, ba tare da an zuba wa abinci magani ba. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka da cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, sun yi aikin gwada shi da yaɗa shi a kasuwannin ƙauye, kuma yanzu ana amfani da shi har ga masara da dawa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ledar ta huje, don haka ake ɗora shi a kan katako, nesa da bango da ɓeraye, a kuma duba ta da kyau kafin a sake zuba mata na wata kakar.