Tsoka da Ciwon Suga: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Acha tana maganin suga?

A'a. Hatsi ce, sitaci ne a cikinta. Gwaten acha da ya sha alayyafo da yakuwa ya fi malmala uku ta tuwon shinkafa, amma in ka cika kwano ka ƙara, suga zai hau. Haka dankalin Bokkos.

To ina ruwan tsoka da suga?

Ita ce rumbun. Kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na sugan da insulin, sinadarin da jiki ke yi don daidaita suga, ke kwashewa daga jini, tsoka yake shiga. A cikin ƙwayoyinta akwai 'yan dako masu suna GLUT4, insulin ke kiransu bakin ƙofa su shigar da kaya. Teɓa ta fito, zama ya yi yawa, sai su daina jin kira. Tsokar da ke aiki kuwa tana fito da su ko ba insulin, amma amfanin kwana ɗaya zuwa biyu yake yi, ya gushe. Shi ya sa ƙwallon ranar Lahadi kaɗai ba ta wadatar.

Na haura sittin, ai lokaci ya wuce ko?

Baba, kar ka fake da shekaru. Gaskiya ne daga talatin tsoka na raguwa da kashi 3 zuwa 8 duk shekara goma. Amma a wani babban bincike na Amurka da aka fitar a 2002, rage ƙiba da tattaki sun rage kamuwa da suga da kashi 58, a wajen 'yan sittin zuwa sama kuwa kashi 71.

Ina shan magani, ga azumi. Yaushe zan motsa jiki?

Wannan kam ya danganta da maganin. Mai shan metformin kaɗai, da wuya sugansa ya faɗi warwas. Mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide, shi ne abin tsoro, musamman tsakanin La'asar da Magariba, lokacin da ciki ya daɗe ba komai. Galibi an fi samun kwanciyar hankali a bari sai awa ɗaya ko biyu bayan buɗa baki, kuma Tarawihi ma motsa jiki ce, a lissafa da ita. A auna suga kafin a fita. In na'urar awo ta nuna ƙasa da 90 (a ma'aunin mg/dL), a ci wani abu tukuna. Ƙasa da 70, ko aka ji karkarwa da zufa da jiri, a karya azumin nan take da dabino uku, a sake aunawa bayan minti 15. Suga kan iya faɗuwa cikin dare bayan aikin yamma, a auna kafin kwanciya. Duk da haka, rage magani aikin likitanka ne, ba na maƙwabci ba, kuma tun a Sha'aban ake zuwa.

Tattaki ya isa?

Minti 150 a mako, har da minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci. Sau biyu a mako a ƙara da tashi daga kujera ba dafawa, sau goma-goma, zagaye uku.

Sanyin Jos fa?

Hajiya, sa suwaita. Ko ki zagaya tsakar gida da takalmi mai rufi, ki duba tafin ƙafa in kin gama.