Fosta ba ta wanke hannu

Ana ta kawo yara asibiti da gudawa, biyar shida daga makaranta ɗaya. Idan aka bi sawu, abin da ke fara tarbar mutum fosta ce a bango mai cewa a wanke hannu da sabulu. A ƙarƙashinta famfo ne da ya daɗe da ƙafewa, sabulun kuma yana kulle a durowar shugaba, wai kada a sace.

Haba shugabannin makarantu da ma'aikatu! Kullum taro, kullum lacca, kullum sabuwar fosta, wurin kuwa yana nan yadda yake. Yaron nan ya san ya kamata ya wanke hannu, ya haddace ma. Da me zai wanke? Tun 1986, a taron da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Ottawa ta ƙasar Kanada, aka tsayar cewa gyara muhallin da mutane ke zaune da aiki a ciki yana cikin ginshiƙan inganta lafiya. Har yau wasu na kashe kuɗin sabulu wajen buga takarda.

An san aljihu ba nauyi, kuma da yawanku kuna iya bakin ƙoƙarinku, Allah ya saka. Amma gyaran ba ya cin kuɗi kamar yadda ake zato. A ajiye wurin wanke hannu a bakin ƙofar bayi, kada ya wuce mita 5, domin idan ya yi nisa wucewa ake yi. Inda babu famfo, bokiti mai murfi da kan famfo ya wadatar, da roba a ƙasa ta tare ruwan. Sabulu a huda shi a ɗaure da igiya. A makaranta, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce bayi ɗaya ga 'yan mata 25, ga maza kuma bayi ɗaya da wurin fitsari ga kowane 50.

Inda abin ke rushewa shi ne sati na uku, ranar da ruwa ya ƙare kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Don haka a ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, alhakin cika bokiti kowace safiya, a sa kuɗin sabulu cikin kasafin wata, shugaba kuma ya riƙa zagayawa da kansa yana murɗa famfon ya ga ko ruwa na zuba. Sai an gama wannan a zo a yi maganar fosta.