Kafin ɗari ya kankama: a sauya tsohon murhu, a fitar da kaskon wuta daga ɗaki

Daga Disamba zuwa Janairu itacen da gida ke ci a Marwa, Mokolo, Kuseri ko Njamena yakan ƙaru sosai. Ga ruwan wanka da asuba, ga na alwalar tsofaffi, in kuma da mai jego a gidan, to tukunya ba ta sauka safe da yamma har a yi arba'in. Yawanci a kan murhu mai duwatsu uku ake wannan aiki, kuma a nan asarar take. Iskar hunturu tana kaɗa harshen wuta ta kowane gefe, abin da ke shiga tukunya da ƙyar yake wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itacen. Sauran ya bi iska, hayaƙin kuma ya sauka a ƙirjin mai girki da ɗan da ke goye a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Tsadar itace ma ba sabon labari ba ne. Tun ƙarshen 2008 Cadi ta hana sayar da gawayi a Njamena, a shekarar ce kuma Kamaru ta farfaɗo da shirin Sahel Vert a Arewa Mai Nisa, ana dasa bishiyoyi ana raba ingantattun murhuna. Amma ba sai an jira rabo ba. Murhun laka mai katanga, uwargida da 'ya'yanta za su iya gina shi da kansu.

A samo yumɓu bokiti huɗu, busasshiyar ciyawa da aka daddatsa bokiti ɗaya, kashin shanu bokiti ɗaya. A kwaɓa, a tattake da ƙafa, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa har mako guda. Wanda ya yi gaggawa ya yi gini da kwaɓin ranar, zai ga katangar ta tsattsage tun wutar farko. Duwatsun nan uku ba a jefar da su, su ne ƙafafun tukunya. A daidaita su yadda daga ƙasa zuwa gindin tukunya zai kai santimita 12 zuwa 15, wato kamar tsawon tafin hannu. In ya gaza haka wuta ta shaƙe ta yi ta hayaƙi, in ya wuce harshen wutar ba ya kai wa tukunya.

Sai a ɗora tukunyar da za a riƙa amfani da ita, a tayar da katanga kewaye da ita, kaurinta kamar yatsu huɗu, har zuwa ƙarƙashin kunnuwanta. Tsakanin katanga da jikin tukunya a bar faɗin yatsa guda. Wannan 'yar tazarar ita ce sirrin aikin gaba ɗaya, domin ta nan zafi ke hawa yana shafar gefen tukunya kafin ya fita. In ta matse, hayaƙi ya dawo ta ƙofa. In ta yi faɗi, an koma gidan jiya. Shi ya sa kowane murhu da tukunyarsa: na ruwan jego daban, na miya daban. Washegari, laka ta ɗan sha iska, a yanka ƙofa ɗaya da wuƙa, faɗi da tsawo kamar santimita 12, tana fuskantar inda iska ke zuwa. A bar shi ya bushe a inuwa mako guda kafin a hura wuta, in ya tsage daga baya a liƙe da ragowar kwaɓin.

Ƙofar ƙarama ce da gangan. Itace biyu ko uku siraran faskare, busassu, sun isa. Masu cusa gungume su ne ke cewa sabon murhu bai da amfani. A rufe tukunya da murfi, a kwashe toka kowace safiya. Ko da hakan yana hayaƙi, don haka a gina shi a rumfa ko madafa mai taga.

Saura kaskon wuta, wanda ya fi komai haɗari. Garwashi ba ya hayaƙi, shi ya sa ake ganin ba shi da illa, alhali yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu, mai barci kuwa ba ya jin komai balle ya farka. Ɗakin kwano da aka toshe tagarsa da tsumma saboda ƙura shi ne mafi muni. Jariri, mai ciki da tsoho su ne suke fara jigata.

In mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai, jiri, amai da kasala lokaci ɗaya, kada a tsaya cewa zazzaɓin cizon sauro ne ko iskokai. A buɗe ƙofa, a fito da kowa fili. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja, domin zai iya shaƙewa, a garzaya da shi asibiti, a gaya wa ma'aikata da garwashi aka kwana.

Don ɗumin dare, a ji wuta a tsakar gida, a kashe ta kafin a shiga. A zuba ruwan ɗumi a kwalba mai murfi, a naɗe da zane a sa wajen ƙafafu, amma banda shimfiɗar jariri. Shi hula da safa da jikin uwarsa sun wadatar da shi.