Dogayen da da dogayen yanzu: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Na daɗe ina koya wa yara basket a nan Yamai, kuma duk lokacin da aka gama kakar NBA, babbar gasar basket ta Amurka, sai tambayoyi iri ɗaya su dawo, a fada wajen shayi, a WhatsApp, har a ƙofar masallaci. Bakina ya gaji. Ga amsoshin a rubuce, wanda ya sake tambayata zan turo masa wannan.

Wane ne pibo?

Mai matsayi na 5 a fili. Dogon da ke tsaye kusa da kwando, yana tare masu shigowa, yana cafe ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo. Wanda bai san wannan ba ya zo fili ya zauna ya kalla.

Ai ƴan wasan da gajeru ne, shi ya sa Wilt ya yi abin da ya ga dama, ko ba haka ba?

Ba haka ba ne, kuma ku daina faɗa. Wilt Chamberlain mita 2.16 ne, daidai da Shaquille O'Neal, daidai da Rudy Gobert da kuke gani a tele yau. Kareem Abdul-Jabbar, wanda ya shiga NBA a 1969, mita 2.18 ne. Bill Russell 2.08. Nikola Jokic da kuke yabo 2.11 ne, wato Wilt ya fi shi tsawo. A zamanin Wilt akwai Nate Thurmond da Walt Bellamy, kowannensu 2.11. Kwandon ma bai motsa ba, yana nan a mita 3.05 kamar yadda yake tun farkon wasan a 1891. To ina gajartar take?

Amma me ya sa na yanzu suke kama da sun fi girma?

Abu biyu. Na farko, shekaru masu yawa ƙungiyoyi suna rubuta tsawon ɗan wasa da takalmi a ƙafarsa, wasu ma su ƙara masa, sai a 2019 NBA ta tilasta a auna kowa ba takalmi. Na biyu, jiki ne ya canza. Yanzu akwai ɗaga ƙarfe, akwai mai kula da abinci, akwai likita da ke bin ƙungiya ko'ina. Su Russell da takalmin yadi suke wasa. Waɗanda suka ƙara tsawo da gaske su ne masu wasa a gefe da masu raba ƙwallo, ba pibo ba.

Maki 100 na Wilt gaskiya ne?

Gaskiya ne. A wasa ɗaya ya ci su, ranar 2 ga Maris 1962, a karawa da New York Knicks. A kakar nan maki 50.4 yake ci a kowane wasa, kuma kusan ba ya fita hutu: minti 48.5 yake yi a wasan da tsawonsa minti 48 ne, saboda ƙarin lokaci.

Sai dai ku san abin da ke ƙarƙashin lissafin. A lokacin gudu ake yi kamar an koro mutane, ana jefa ƙwallo da yawa, ana kuskure da yawa. Ƙiyasi ya nuna kowace ƙungiya tana riƙe ƙwallo sama da sau 120 a wasa, yau kuwa wajen sau 100 ne, a ƙarshen shekarun 1990 ma wajen 90. In jifa ta yi yawa, kuskure ya yi yawa, dole mai cafewa ya tara adadi. Shi ya sa Wilt ya cafe 55 a dare ɗaya a 1960, a gaban Russell kuwa. Wanda ya ɗauki wannan adadi ya ajiye kusa da na Gobert ya ce ga hujja, bai fahimci komai ba. Wanda kuma ya ce banza ne, ya gaya mini me ya hana sauran ƴan zamanin su ci 50 a kowane wasa. A fili ɗaya suke, da doka ɗaya. Kuma ƙungiyoyi 9 ne kawai a kakar 1961-62, ba 30 ba kamar yau, don haka Wilt yana haɗuwa da Russell a kai a kai, babu wajen ɓuya.

To wa ya fi kowa?

Wannan irin musun da ake yi ne a kan Kantu, wanda ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a 1975, da Isaka Isaka. Ba su taɓa haɗuwa a fage ba, ba kuma za su haɗu ba. Russell yana da kofi 11 a kaka 13 tare da Boston. Kareem ya zama gwarzon shekara sau 6, ya tara maki 38,387, kuma kusan shekara arba'in shi ne a sama kafin LeBron James ya wuce shi a 2023. Tare ƙwallo a sama ma ba a fara rubuta shi ba sai kakar 1973-74, bayan Russell da Wilt duk sun ajiye, don haka aikin da suka fi iyawa babu shi a takarda.

In wanda nake sa yarana su kalla kuke tambaya, Hakeem Olajuwon ne, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ɗan Legas ne, mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa basket yana wajen shekara 15. Daga can ƙafafun nan suka fito. Ya ɗauki kofi da Houston a 1994 da 1995, kuma a hanya ya bi ta kan Patrick Ewing, David Robinson da Shaq, manyan zamaninsa ke nan. Ya tare ƙwallo sau 3,830, har yau babu wanda ya kai. Yana azumi yana wasa, a Fabrairun 1995 da Ramadan ya shigo aka ba shi gwarzon wata. Yaron da ya ce mini azumi ya hana shi zuwa atisayen bayan sallar asuba, wannan labarin nake ba shi.

Shaq zai iya wasan yanzu?

Zai iya, kilo 147 ba wasa ba ne. Matsalarsa a tsaro za ta fito, in aka ja shi waje. Shi kansa jifan maki uku ɗaya tak ya ci a duk rayuwarsa ta NBA, jifan kyauta kuma da ƙyar ya wuce rabi. Amma ku nuna mini wanda zai tsaya masa a ƙarƙashin kwando yau.

Malam, ɗana shekararsa 15, tsawonsa mita 1.94, ya fi kowa tsawo a lakwal ɗinsu. Mai horar da su ya dasa shi ƙarƙashin kwando, ya hana shi tafiya da ƙwallo, ya hana shi jifa daga nesa. In bar shi a can ko in cire shi?

Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta dame ni, kuma ba ta da amsa guda. Ka yi haƙuri ka bi ni a hankali.

Da farko, 1.94 pibo ne a unguwarku kawai. Da ya taka Dakar ko Kigali, mai raba ƙwallo zai tarar da wannan tsawon. Michael Jordan 1.98 ne. Don haka komai ya rataya a kan abu ɗaya: yaron ya gama tsawo ko da saura? Ka dubi kanka, ka dubi mahaifiyarsa, ka dubi kawunnansa. Ka auna shi a jikin bango ba takalmi, ka sa alama, ka sake bayan wata shida. In gashin baki ya riga ya fito, murya ta daɗe da buɗewa, alamar kuma ba ta motsa ba, wataƙila ya kusa tsayawa. Na ce wataƙila, domin na ga waɗanda suka yi tsiri a makare. In kana da hali, likita yana iya ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu ya faɗa maka ko da sauran girma, amma shi ma ƙiyasi zai ba ka. Kuma don Allah, tsakaninmu, shekara 15 ɗin ta gaskiya ce ko ta takarda? Ba zargi nake ba, mun san yadda ake yin takardar haihuwa a makare a ƙasar nan. Amma in 18 ce, lissafin duk ya sauya.

In alama ta nuna zai tsaya a ƙasa da mita 2, barinsa a ƙarƙashin kwando kawai cuta ce. Ni kaina na taɓa yi wa wani yaro haka, kuma har yau yana ci mini rai. Shekara uku ina cin wasanni da tsawonsa, ban koya masa hannun hagu ba, ban koya masa jifa ba. Ya tsaya a 1.96, tsaransa suka kamo shi, ya rasa wurin da zai tsaya a fili, ya bar wasan. Laifina ne.

In kuma alama ta nuna zai wuce 2.05, to aikin ƙarƙashin kwando zai yi masa amfani, amma ko a nan ban yarda a hana shi ƙwallo ba. Dubi abin da ake nema a wajen dogo yau. Jokic shi ke raba wa ƙungiyarsa ƙwallo. Joel Embiid na Yawunde yana jifa daga ko'ina, ya ci 70 a wasa ɗaya a Janairun 2024. Victor Wembanyama ya haura mita 2.20, yana tafiya da ƙwallo kamar ƙaramin yaro. Anthony Davis ma a waje ya fara wasa tun yana sakandare, tsawon ya zo masa daga baya, hannun bai tafi ba.

Duk da haka kada ka je ka yi wa mai horarwar faɗa. Ka san halin da yake ciki: yara talatin, ƙwallo biyu, ana kuma so ya ci wasa ranar Asabar. Watakila ma yana da dalili, misali yaron bai iya tsayuwa da ƙafa ba tukuna, yana so ya gyara wannan kafin komai. Ka same shi da girmamawa, ka roƙe shi abu kaɗan: ranar wasa ya sa yaron inda yake so, amma ranar atisaye ya bar shi cikin layin masu tafiya da ƙwallo. In ya yarda, ka bar shi a can. In ya ƙi sam, ban ce ka cire shi nan take ba, domin ƙungiya mara kyau ta fi zaman gida. Ka saya masa ƙwallo tasa, minti talatin kowace safiya kafin rana ta yi zafi, hannun dama da hagu, sannan ka nemi wani wuri a hankali.

Abin da ba ni da shakka a kansa shi ne gwiwa da ƙafa. Filayenmu siminti ne, yaro mai saurin tsawo kuma yakan yi ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa. In ya ce yana jin zafi, ka yarda da shi, ya huta, kada ka ce ragwanci ne. Takalmi lamba 47 yana da wuyar samu, na sani, sai an bi ƴan gwanjo, amma kada ya matsa ƙafarsa cikin 45. Yao Ming mai mita 2.29, da duk likitocin Amurka da na Sin a kansa, ciwon ƙafa ne ya ajiye shi a 2011 yana ɗan shekara 30. Kuma kada ya bar lakwal. Ko waɗanda ake ɗauka zuwa makarantar NBA da ke Saly a Senegal, karatu suke yi a can. Ka kwantar da hankalinka, yaron bai makara ba, Hakeem ma a irin shekarunsa ya fara.

Me ya sa aka daina ba dogo ƙwallo ya juya baya ga kwando?

Doka ce ta kore shi, sannu a hankali. A 1951 aka faɗaɗa raket, wato filin da aka shata a ƙarƙashin kwando inda ba a yarda ɗan wasa ya daɗe a tsaye ba, daga mita 1.83 zuwa 3.66 saboda wani pibo, George Mikan. A 1964 aka ƙara zuwa 4.88 saboda Wilt. A 1979 layin maki uku ya shigo. A 2001 aka halatta tsaron yanki, ya zama ana iya kewaye dogo tun ƙwallo ba ta iso shi ba. Daga baya ƙungiyoyi suka zauna suka yi lissafi, suka ga jifan uku ya fi riba. Kowane pibo dokar zamaninsa ce ta tsara masa aiki.

Jokic fa? Ko tsalle ba ya yi.

Gwarzon shekara a 2021, 2022 da 2024, kofi da Denver a 2023, kuma na 41 aka ɗauke shi a zaɓen sababbin ƴan wasa na 2014. Tsalle kuke kallo, ni ido da hannu nake kallo. Ku je ku sake kallon wasan, wannan karon ku bi shi tun ƙwallo ba ta hannunsa.

Wanda ya fi tsawo shi ya fi iyawa?

A'a. Manute Bol, ɗan ƙabilar Dinka mai mita 2.31, ƙwallon da ya tare ta fi makin da ya ci yawa. Ben Wallace 2.06 aka rubuta masa, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi da farko, amma sau 4 ya zama gwarzon tsaro, daidai da Dikembe Mutombo mai 2.18, kuma da shi Detroit ta doke Lakers ɗin Shaq a 2004. Wes Unseld 2.01 ne, ya zama gwarzon shekara a 1969, a kakarsa ta farko.

Rataya a ƙarfe ko wani magani yana ƙara tsawo?

Ba ya ƙarawa. Kada ku ba kowa kuɗinku, kada kuma ku sha abin da ba ku san mene ne ba. Ku ci abinci, ku yi barci, ku ajiye waya da dare. Atisaye gobe ƙarfe shida na safe.