Tsohuwar Bindiga da Harsashin Ɗurin Hannu: Inda Hatsarin Yake

Idan bindiga ta fashe a hannun mai ita, wurare uku ne suka fi shan wahala: ido, fuska, da hannun da ya tallafi bututun. Mu ma'aikatan lafiya ɗinki da wankin rauni muke iya yi, amma idon da ƙarfe ya tsiyayar ba ya dawowa. Shi ya sa nake jan hankalin masu tsofaffin bindigogi, musamman masu ɗura harsashinsu da kansu a inda doka ta yarda da hakan.

Tushen matsalar albarushi ne. Har zuwa 1884, lokacin da Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a Faransa, baƙin albarushi ake amfani da shi, kuma ƙarfen bindigogin wancan zamani daidai ƙarfinsa aka ƙera shi. Na zamani yana iya haifar da matsi mai tsanani ƙwarai da ɗan kaɗan. Zuba shi a bindigar da aka yi don baƙin albarushi, da awo irin na da, neman nakasa ne kawai.

Wani kuma zai ce ai harsashin ya shiga daidai. Shiga daban, dacewa daban. Bindigar sojan Jamus ta 1888 an yi ta ne don ƙwayar harsashi mai kaurin inci 0.318, sai a 1905 aka koma mai 0.323. Duka biyun "milimita takwas" ake kiransu, amma cusa mai kaurin a bututun da ba a gyara ba yana ɗaga matsi fiye da kima. Haka nau'in harsashin da ake kira .45-70: ɗurin da bindigar zamani za ta shanye lafiya lau zai iya tarwatsa tsohuwar bindigar Springfield ta 1873, shi ya sa littattafan ɗuri suke ware mata awonta dabam.

Wani lokacin ma laifin yana cikin ƙarfen tun daga masana'anta. Bindigogin Amurka samfurin 1903, na masana'antar Springfield masu lambar ƙira ƙasa da 800,000, da na masana'antar Rock Island masu lamba ƙasa da 285,507, da ido maƙera suka riƙa auna zafin ƙarfensu. Wasu suka ƙone suka yi gautsi, ba sa nuna alama, sai dai su tarwatse farat ɗaya. A ganina irin waɗannan gara a rataye su don tarihi.

Sai kurakuran teburin ɗuri. Zuba albarushi sau biyu a kwanso ɗaya yana da sauƙin faruwa idan kwanson babba ne, awon kuma kaɗan. Hira ko waya ta ɗauke hankali, shi ke nan. A leƙa kowane kwanso da fitila kafin a ɗora ƙwaya. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a bari a kan tebur, kada a gauraya, kada a yi aiki da wanda ba shi da suna a jiki ko wanda ya fara wari mai yaji da jar ƙura. Awo kuwa daga littafin kamfanin da ya yi albarushin, ba daga bakin aboki ba. Mantuwar zuba albarushin ma hatsari ce: ƙwayar sai ta maƙale a bututu, harbi na gaba ya fasa shi. Duk lokacin da ka ji ƙara ta yi rauni, tsaya, cire harsashi, duba bututun. Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, bar bakin bindigar yana kallon inda ba kowa, ka jira aƙalla daƙiƙa 30.

Kafin harbin farko, ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba tsatsa, tsagewa da zaman harsashi a mazauninsa. Tabarau mai kare ido da abin toshe kunne dole ne.

Akwai kuma dalmar da ke cikin harsashi, wadda take shiga jiki sannu a hankali, kuma yara ta fi yi wa illa a ƙwaƙwalwa. Kada a ci ko a sha a wurin ɗuri, a wanke hannu da sabulu, yara da masu juna biyu su nisanci wurin.

Idan tsautsayi ya auku, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Ƙarfen da ya shiga ido kada a taɓa shi, kada a murza. A kifa kofi mai tsabta a kan idon ba tare da dannawa ba, a garzaya asibiti, a kuma tambayi allurar rigakafin cutar sarƙe haƙora.